Starlink a unguwa: faranti, panno da rabon mega a Maraɗi

Alhaji Lawali: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da niyyar kafa wifi na unguwa a ƙofar shagona a unguwar Zariya nan Maraɗi, da Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam. Waɗanda nake sa ran za su hau lokaci guda ba za su wuce 40 ba, yawancinsu ɗalibai ne da samari ƴan TikTok. Kuran na NIGELEC akwai, amma kun san halinsa in zafi ya kama. Wane faranti ya kamata in saya, babba ko Mini? Panno nawa da batir nawa za su riƙe shi dare da rana? Kuma yaya ake rabawa kada mutum ɗaya ya shanye na kowa? Masu sani a taimaka.

Injiniya Mutari: Wa alaikumus salam Alhaji. Ga mutum 40 babban za ka ɗauka, Standard, sabuwar ƙirar da ba ta da mota a cikinta. A takarda Mini na karɓar na'ura 128, amma karɓa daban, ciyarwa daban. Eriyarsa ƙarama ce, saurinsa bai kai na babban ba, kuma rawutarsa a jikin farantin take, wato in faranti na saman rufi to wifin ma can yake. Babban yana zuwa da rawuta daban mai Wi-Fi 6, da ƙofar kebul biyu a bayanta, da kebul mai tsawon mita 15. Ƙofofin nan su ne za su yi maka aiki wajen rabo. Tsohuwar ƙira mai juya kanta ba ta da su, sai ka sayi adafta daban, to ka duba kafin ka biya.

Inda Mini ya yi zarra kawai shi ne cin wuta: wat 25 zuwa 40, alhali babban na cin 75 zuwa 100.

Sani Mai Sola: Tunda Injiniya ya kawo maganar wuta bari mu yi lissafi, don a nan ne yawancin masu kafa wifi ke faɗuwa. A sa faranti da rawutarsa a 90 W, MikroTik, wato rawutar da za ta yi rabo, 10 W, eriya biyu ta waje 10 W kowacce. Ya kama 120 W. Sau awa 24, 2,880 Wh ke nan a yini. Inbata na cin nata rabon ko da kayan da ke kanta kaɗan ne, to a ƙara kamar kashi 15 cikin ɗari, a ce 3,400 Wh.

Rana muna da ita, amma kada a yi lissafi da awa 12. Cikakkiyar rana da ake ginawa a kanta a nan awa 5 ce, saboda hazon hunturu da hadarin Agusta. Sannan abin da aka rubuta a bayan panno an auna shi ne a digiri 25. A watan Afrilu jikinsa na kai 65, kuma kowane digiri ɗaya sama da 25 na zaftare kusan kashi 0.35 zuwa 0.4 cikin ɗari. Ga ƙura, ga asarar kebul. Kashi uku cikin huɗu kawai ke isa batir. 3,400 a raba da 5, a sake rabawa da 0.75, ya ba ka wat 900 da ɗoriya. Panno biyu masu 550 W sun isa har da rara.

Batir: daga la'asar sakaliya zuwa hantsi awa 14 ne, sau 140 W (120 ɗin nan da rabon inbata), kusan 2,000 Wh. Lithium irin LiFePO4 na 25.6 V 100 Ah yana ɗauke da 2,560 Wh, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa ba tare da ya ji ciwo ba. Guda ɗaya ya fitar da kai dare. In na dalma ne, na ruwa ko jel, sai 12 V 200 Ah guda biyu a jere, don rabinsu kawai ake sha.

Ɗan Tasawa: Malam Sani, ai kai sola kake sayarwa, dole ka ce panno biyu. Mutum na cikin gari, yana da kwanta ta NIGELEC. Ya sayi batir da caja kawai ba zai wadatar ba?

Sani Mai Sola: Yayana, ko ba a wurina ya saya ba lissafin bai canzawa. Batir da caja za su yi aiki in ɗaukewar ta awa biyu ko uku ce. Amma wutarmu galibi daga Katsina take shigowa ta layin Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 da Najeriya ta yanke ta. Batir da bai samu ya cika ba kwana biyu a jere, na dalma musamman, ya fara mutuwa ke nan. Abin da ya dace shi ne inbata mai karɓar duka biyu: sola a gaba, kuran a baya. In kuɗi sun yi kaɗan a fara da panno ɗaya, amma a sayi regilatar da za ta ɗauki na biyun.

Kuma ba ɗaukewar ce kaɗai matsala ba, ƙyaftawar ta fi ɓarna. Duk sadda wuta ta ƙyafta faranti sai ya tashi daga farko, ya nemi wurinsa da GPS, ya nemi taurari, mintuna sun tafi. Mutum 40 da suka biya tikiti ba za su yi maka wannan haƙurin sau biyar a dare ba. A bar kayan kullum suna sha ta inbata, kuma ta zama mai tsabtatacciyar wuta, sinus pur. Mai rahusar nan mai ƙugi tana dafa adaftoci.

Injiniya Mutari: Ni a nan na saɓa da Sani kaɗan. Duk kayan nan wutar DC suke sha, wato irin ta batir, ba ta soket ba. Batir DC ne, inbata ta mai da shi 220, adafta ta sake mai da shi DC, asara sau biyu. Adaftar sabon Standard 57 V take fitarwa, akwai na'urorin da ke ɗaga 24 V zuwa hakan kai tsaye. MikroTik kuwa 24 V ɗin ma ta ishe ta. Wat ɗin da aka tsira da su a awa 14 na dare ba kaɗan ba ne.

Sani Mai Sola: Gaskiya ne a lissafi. A kasuwa kuma, na'urar da aka rubuta mata 200 W sau da yawa ba ta riƙe rabinsa in ɗaki ya kai digiri 42. Faranti na fizgar wuta sama da matsakaicinsa lokacin tashi, sai ta durƙushe, ya sake tashi, ta sake durƙushewa. Mai shi ya ce faranti ya lalace. Wanda ke da mita a hannu kuma ya san ta, ya yi DC. Alhaji mai shago ne, in abu ya tsaya da daddare yana son ya cire filogi ya mayar a soket.

Injiniya Mutari: Na yarda da wannan ga Alhaji. Ga masu Mini dai ina nan kan bakana: DC kai tsaye. Yana karɓar 12 zuwa 48 V. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗaura shi kan batir 12 V da dogon kebul ɗinsa na mita 15. Kebul ɗin siriri ne, wuta na zubewa a hanya, abin da ke isa farantin ya gaza 12, sai ya riƙa mutuwa yana tashi. A ɗaga zuwa 24 ko 30 V kafin a shiga kebul, adaftarsa ta asali ma 30 V take bayarwa. Mai amfani da fawa bank kuma sai mai USB-C na 100 W, wanda ke fitar da 20 V da 5 A.

Wani abu ga kowa: a shiga manhaja a kashe saitin narkar da ƙanƙara. An yi shi don ƙasashen sanyi, a nan ɗumama faranti ne a banza. In kuma ba kowa a layi daga ƙarfe 1 zuwa asuba, akwai saitin barci, batir ya huta.

Abdu Rezo: Kawu, wane gefe ake fuskantar da shi? Wasu na cewa kudu kamar na Canal+, wasu na cewa a kwantar da shi kawai.

Malam Iliya: Ɗana, wannan da na talabijin ba hanyarsu ɗaya ba. Tauraron talabijin yana nisan kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, yana zagaye cikin yini guda daidai da juyin ƙasa, shi ya sa ake ganinsa a tsaye, a saita kwano sau ɗaya a ɗaure. NigComSat-1R na Najeriya da aka harba a 2011 irinsu ne. Na Starlink suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, suna gudun kusan kilomita 27,000 a awa, suna gama zagaye cikin minti 95 ko kusa da haka. Ba wanda ke daɗewa a samanka. Farantin ba ya motsi, amma a cikinsa akwai ɗaruruwan ƙananan eriya da ke karkata siginar ta hanyar lantarki, kuma ana sake raba masa tauraro duk daƙiƙa 15.

Amfanin kusancin shi ne jinkiri. Saƙo ya hau kilomita 35,786 ya sauko, amsa ta hau ta sauko, tafiyar ta haura kilomita 143,000. Da gudun haske kusan rabin daƙiƙa ke nan kafin a sa komai a kai, shi ya sa tsohon VSAT, intanet ta taurarin nesa, ke ba da jinkirin 600 ms. A kilomita 550 tafiyar sama da ƙasa ba ta kai 10 ms ba in tauraro na bisa kai, sauran jinkirin na hanya ne zuwa tashar ƙasa da cibiyar da aka haɗa ka da ita, irin ta Legas.

Batun gefe: dokar sadarwa ta duniya ta hana na Starlink yin kutse ga taurarin can na nesa, don suna amfani da zango ɗaya, Ku. Maraɗi tana wajen digiri 13.5 arewa, jerin taurarin nesa na ratsa samanmu ta kudu, a tsayin kusan digiri 74 inda ya fi tsawo. Wannan ɓangaren sararin faranti na kauce masa. Don haka kada ka kwaikwayi kwanon maƙwabci. Buɗe manhaja, akwai wurin saiti, za ta nuna maka yadda za ka juya shi har ya zauna daidai.

Injiniya Mutari: In ƙara a kan na Malam. Yana buƙatar fili a sama mai faɗin digiri 110, ba reshe, ba tankin ruwa, ba hasumiyar masallaci. Kafin a huda bango a tsaya a wurin da salula, a yi gwajin shinge da kyamarar manhaja. Bayan an kafa a bar shi ya kwana yana aiki, taswira za ta fito, jan wuri shi ne inda ake tare shi. Reshen bedi ɗaya ya isa ya riƙa katse kiran bidiyo duk ƴan mintuna, alhali mai kallon YouTube ba zai ji komai ba don bidiyonsa ya riga ya taru.

Masu kafawa a ƙauye su kula da gawo. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi lif. Ka yi gwaji a Agusta ka ga sarari fes, Disamba na zuwa katsewa ta fara.

Ɗauri kuma da bututun ƙarfe a jikin bango, da kusoshi masu kyau. Ɗora shi kan kwano a danne da bulo ba ya tsallake iskar farkon damina. Kebul a lanƙwasa shi ƙasa kaɗan kafin ya shiga bango, ruwa ya ɗiga a waje maimakon ya bi shi har cikin rawuta.

Ɗan Tasawa: To zafi fa? Takardarsu ta ce iyakarsa digiri 50. Saman kwano a Mayu ya wuce nan. Ba za a yi masa ƴar rumfa ba?

Injiniya Mutari: Rumfar kwano ko ta ƙarfe kashe shi ne gaba ɗaya, sigina ba ta ratsa ƙarfe. Fenti ma a bar shi. Abin yi shi ne a ɗaga shi kamar mita ɗaya daga kwanon, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa, don zafin da kwano ke mayarwa ya fi na sama illa. In ya yi zafi da yawa da kansa yake rage aiki, manhaja za ta faɗa maka. Waɗanda suka fi saurin mutuwa su ne rawuta, adafta da batir da ake kullewa cikin akwatin ƙarfe don tsoron ɓarayi. A huda akwatin sama da ƙasa, a sa raga, a ajiye shi a inuwa.

Sani Mai Sola: Batir na dalma duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana raba kwanansa biyu. Wanda aka ce shekara huɗu, a shagon kwano biyu ma da ƙyar.

Malam Iliya: Ƙura ba ta dami siginar sosai ba, panno take cuta. Ruwa shi ne abokin gabar Ku. Saukowa tana tsakanin 10.7 da 12.7 GHz, hawa 14 zuwa 14.5, kuma manyan ɗigon ruwa na shanye irin wannan zangon. Baƙin hadarin Yuli da Agusta in ya taso zai rage sauri ko ya yanke na wasu mintuna, wani lokaci tun kafin ɗigo ya sauka a unguwarku, don siginar ta cikin hadarin take bi. Ba gyaran da za a yi, sai ya wuce.

Ita kanta rana tana da nata. A Fabrairun 2022 guguwar rana ta kumbura iskar can sama, taurari 38 cikin 49 da aka harba a lokacin suka kasa hawa, suka dawo suka ƙone. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 an yi mafi ƙarfi cikin shekara 20, kamfanin da kansa ya sanar da raunin aiki. Sannan jerin fitilun da ake gani bayan magariba suna tafiya a layi, ana yaɗawa a WhatsApp da fassara iri-iri, sababbin taurari ne da ba su riga sun warwatsu zuwa mazauninsu ba. Hasken rana ne ke dukansu a can sama alhali mu nan duhu ya shiga.

Malama Hadiza: Sannunku da ƙoƙari. Tambayar Alhaji ta uku ba a taɓa ta ba, kuma ita ce ke sa a ce "Starlink ba ya sauri" alhali rabo ne babu.

Rawutar Starlink ba ta san tikiti ba, ba ta san iyakance mutum ba. Kebul zai fito daga bayanta ya shiga ƙofa ta ɗaya ta MikroTik. Ƙirarta mai suna hEX ta isa mutum 40. A kunna Hotspot, a buga tikiti da Mikhmon ko User Manager, na awa, na yini, na mako. A manhajar Starlink a sa rawutar a bypass, wifinta ya mutu, MikroTik ta karɓi ragama. Wanda ya yi haka ya ƙara hanya zuwa 192.168.100.1, adireshin farantin ke nan, in ba haka ba manhaja za ta daina nuna masa taswirar shinge.

Iyaka: kowane tikiti 3 mega saukowa, 1 hawa. Kada a ga kamar rowa ce. YouTube da kansa 1.1 Mbps yake nema ga 480p, 2.5 ga 720p, 5 ga 1080p. A fuskar salula 720p ya wadatar. In ba ka sa iyaka ba manhajojin bidiyo na ɗaukar mafi girman da suka samu, salula uku masu sabunta kansu su tsaya a ƙofa, mai kiran WhatsApp ya riƙa jin muryar ɗan uwansa tana tsinkewa. Hawan ya fi saurin cika, don ya fi saukowa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma masu ɗora bidiyo a TikTok da masu laif a Facebook shi suke ci. A auna sauri da ƙarfe 9 na dare, ba da hantsi ba, a sa babbar iyaka a kashi 80 cikin ɗari na abin da aka gani, da PCQ, saitin da ke raba wa kowa daidai, a ƙarƙashinta. Ta haka layin jira na tsayawa a MikroTik inda kake da iko.

Abdu Rezo: Anti, akwai inda tikiti ke aiki yau gobe ya ƙi, ko salula ta tsaya a "neman adireshi" ba ta shiga. Mene ne?

Malama Hadiza: Abu biyu ne, tushensu ɗaya. Daga Android 10 da iOS 14 salula na ƙirƙirar lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura, ta bogi ga kowane wifi. In mutum ya manta da rezon ya sake shiga, ko eriyoyinka biyu sunansu ya bambanta, lambar na iya canzawa, tikitin da aka ɗaure da tsohuwar ya ƙi. A ba eriyoyin duka suna ɗaya. Na biyu, adireshin IP da ake raba wa saluloli 254 ne kawai a tsarin da aka saba, kuma duk mai wucewa da wifinsa a kunne wanda ya taɓa shiga yana kama ɗaya. In wa'adin ya yi tsawo sai su ƙare. A mai da shi awa ɗaya, ko a faɗaɗa zuwa /22, ya ba ka sama da 1,000.

Masu sayen tikiti ɗaya su raba wa ɗaki guda, akwai dokar da ake sawa a sashen mangle na MikroTik ta mai da TTL, adadin na'urorin da saƙo zai iya ratsawa, zuwa 1, kayan su mutu a salular farko. Tana tare yawanci, ba duka ba. A kuma kunna raba abokan ciniki a eriya, kada salular wani ta ga ta wani.

Eriya: kada a ruɗu da mai "kilomita biyu". Ita tana iya ihu, salula ba ta iya mayar mata. Biyu ko uku matsakaita, kowacce mutum 20 zuwa 25, a tsayin mita 4 zuwa 6, sun fi ɗaya a kan dogon ƙarfe. A 2.4 GHz tasha 1, 6 da 11 kawai, faɗi 20 MHz. Kebul kada ya wuce mita 100, kuma ya zama tagulla zalla. A kankare silin da wuƙa, in cikinsa fari ne to alminiyom ne aka shafa wa tagulla, PoE, wato tura wa eriya wuta ta cikin kebul ɗin, ba ya daɗewa a kansa.

Alhaji Lawali: Allah ya saka da alheri Malama. Wani yaro ya ce zai kawo mini faranti daga Jibiya da sauƙi, har ya riga ya yi rajista, ni dai in riƙa ba shi kuɗin wata.

Malama Hadiza: Alhaji, kada ka yarda. Faranti na bin asusun da aka yi masa rajista ne, ba wanda ya biya ba. In imel ɗin nasa ne, ranar da kuka saɓa zai rufe, ko ya karɓi kuɗin wata bai biya ba, kuma ba ka da bakin magana da kamfani. In na hannu ne, mai shi ya sake shi daga asusunsa tukuna, ba bashi a kai, kai kuma ka ɗaura shi a naka da lambar da ke jikin kwali, a gabanka, kafin kuɗi su fita. Wanda aka yi wa rajista da adireshin Najeriya kuma tsarin yawo yake hawa a nan, shi kuwa sharaɗinsa wata biyu ne a wajen ƙasar rajista. Da can an yi ta wannan dabara don ba hanya. Yanzu gwamnatin Nijar ta ba Starlink izini tun ƙarshen 2024, sun fara aiki a hukumance a Maris 2025, ba dalilin zagaye.

Ɗan Tasawa: Tunda an zo nan a faɗa masa duka. Sharuɗɗan tsarin gida sun hana sake sayarwa. Kowa na yi, na sani, amma kamfani na da ikon rufewa. Kuma a yi lissafi: 480p na awa ɗaya kusan 500 MB ne. Mutum 20, awa 5 a yini, 50 GB. A wata 1,500 GB. Irin wannan cin ba ya ɓuya. Ya karanta tsarin da zai hau da kyau, ya kuma je ARCEP, hukumar kula da sadarwa, ya ji abin da ake nema ga mai sayar da intanet kafin ya buga tikiti. Dokar laifukan intanet ta 2019 ma an tsaurara ta a Yunin 2024, ɗauri ya dawo kan ɓata suna da yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a. Duk abin da aka aika ta layinka, asusunka ne a gaba.

Malama Hadiza: Shi ya sa kowane tikiti ya zama na mutum ɗaya, kuma agogon MikroTik ya zama daidai don rajistar shiga ta yi amfani. Karɓar lambobin mutane kuma amana ce, akwai HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, a kan wannan. Wani abin da za a sani tun yanzu: tsarin gida ba ya ba da adireshi na kanka, CGNAT ne, kana tarayya da wasu. Mai son kallon kyamarar shago ko shiga MikroTik daga nesa sai ta VPN irin WireGuard, buɗe ƙofa a rawuta ba zai yi ba.

Ɗan Tasawa: Ni abin da nake hange ma, sana'ar ba mai daɗewa ba ce. Tun Janairun 2024 suke harba taurarin da ke magana da salula kai tsaye ba faranti. Airtel Africa ta sa hannu da SpaceX a Mayun 2025. Amazon ta fara harba nata a Afrilun 2025, Sin na da Qianfan, ƙasashen AES sun ƙulla da Rasha a Satumban 2024 kan taurarin sadarwa da na sa ido. Wa zai zauna kan benci a ƙofar shago?

Malam Iliya: Kada a haɗa su a kwando ɗaya. Eriyar salula ƴar mitsitsiya ce, ƙarfinta bai kai wat ɗaya ba, kuma zangon da ake ara daga kamfanin waya siriri ne, ana raba shi ga yanki mai faɗin gaske. Ya isa saƙo da ƙananan abubuwa ga makiyayi a arewacin Dakwaro inda babu rezo. Bai isa samari 40 su kalli bidiyo ba.

Injiniya Mutari: Abin da ya fi kusa da mu cunkoso ne. Kowane yanki rabonsa ƙayyadadde ne, in faranti sun yi yawa a gari ɗaya saurin kowa na sauka da daddare. A ƙarshen 2024 sai da suka dakatar da sabuwar rajista a Legas, Abuja da Nairobi saboda haka. Don haka MikroTik ɗin a bar mata ƙofa ta biyu da ƙaramar rawuta mai SIM na Airtel, Moov ko Zamani, ta karɓa in faranti ya yanke. Kowanne na rufa wa ɗan uwansa asiri: ranar 14 ga Maris 2024 da kebul huɗu na teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, layukan ƙasa ne suka sha wuya a yankin nan, ranar hadari kuma faranti ne ke shan ta.

Alhaji Lawali: To ga abin da na rubuta: Standard da sunana, panno 550 biyu, lithium 24 V 100 Ah, inbata sinus pur, regilatar 100 V, hEX, eriya biyu, kebul na tagulla. ARCEP kuma zan fara zuwa. Da saura?

Sani Mai Sola: Regilatar ɗin nan a canza ta Alhaji. Panno 550 ɗaya na ba da kusan 50 V in ba kaya a kansa, biyu a jere 100 ke nan, kuma da sanyin safiyar Janairu yana haura haka. Mai iyakar 100 V za ta ƙone. A ɗauki regilatar irin MPPT mai 150 V, 45 A. Regilatar irin PWM kuwa a bar ta, panno mai aiki a 41 V kan batir 24 V za ta zubar maka da kusan kashi ɗaya cikin uku. In inbatar da ka zaɓa da MPPT a cikinta, a karanta iyakar da ke jikinta, lissafin ɗaya ne.

Panno su kalli kudu, karkata digiri 15, a wanke su da sassafe sau biyu a mako lokacin hunturu, ba da tsakar rana ba kada gilashi ya tsage. Tsakanin regilatar da batir kebul 16 mm², gajere, da fis 63 A na DC kusa da kan batir. Abin yanke wuta na gida, na AC, ba ya kashe tartsatsin DC. A kafa sandar tagulla mita ɗaya da rabi a ƙasa mai laima, a ɗaure mata bututun faranti, firam ɗin panno da abin kare tsawa na kebul ɗin eriya. Wajen haɗawa batir ake fara ɗaurawa a regilatar sannan panno, wajen kwancewa a fara da panno.